Ranar da Na Riga Sakina Magana

Shekarar da ruwa ya ci Khartum ina 'yar shekara tara. Ɗakunanmu biyu na laka suka zube a Umdurman, muka koma kwana a tsakar gida ƙarƙashin tamfol. Da an idar da magariba, kakarmu, wadda muke kira Habboba kamar sauran yaran unguwa, sai ta jawo murhun gawayi gabanta, ta ɗora shayi, mu kewaye ta da jiƙaƙƙun ƙafafu. Ita ta fara koya mini ajami, da tsinke a kan toka, tun kafin a saya mini allo. Allah Ya jiƙanta.

"Ku matso," in ji ta, "muryata ba ta kai bakin ƙofa yanzu."

Labarin da ya fi zauna mini shi ne na wani ayarin mahajjata da suka taso daga yamma a ƙafa, kamar kakanninta. Suka iso inda hanya ta rabu biyu: doguwa mai bin ƙauyuka, da gajeriya mai ratsa yashi, wadda ke da rijiya ɗaya tak a tsakiyarta. Madugu ya tara mutane don shawara. Mutumin kirki ne, ba ya ƙetare kowa. Amma shi ya fara buɗe baki, ya ce a ganinsa gajeriyar ta fi, sannan ya tambaya ko akwai mai ja. Kowa ya ce yadda ya gani haka ne.

A cikinsu akwai wata matashiya, Gambo, matar ɗan madugun. Da safiyar ranar ta je ɗiban ruwa, ta ji makiyaya na cewa rijiyar nan ta rufta. Surukinta ya riga ya yi magana, kuma a gaban jama'a. Ta ja mayafi ta sunkuyar da kai.

Kwana uku suka yi cikin yashi, suka tarar da rami cike da ƙasa. Jakuna suka mutu. Nonon Gambo ya ƙafe, jaririyar da ke bayanta ta cika kafin su kai ga ruwa. Daga ranar, in ji Habboba, madugun bai sake fara magana a taro ba har ya mutu. Ƙaramin cikin ayari ke farawa, a bi a hankali har kansa, kuma ba a ɗaura kaya sai an ji bakin kowa.

Na ce, "Habboba, ai laifinta ne. Me ya hana ta faɗa?"

Ta daɗe tana juya gawayi. "Ya binti, 'yata, sha shayinki. Ke ma za ki girma."

Na girma. Na zama malamar mata a unguwa, kuma da muka haɗu mu goma sha huɗu muka sayi injin niƙa gyaɗa, ni aka ba shugabancin jam'iyyar, wato ƙungiyar tamu. Injin na cikin wani shago kusa da kasuwa. Mai tayar da shi Sakina ce, tsohuwar ɗalibata, mijinta ya rasu ya bar mata yara huɗu. Mu sauran muna da 'yan sana'o'i a gefe. Ita injin ne abincinta.

Da yaƙi ya ɓarke cikin azumi, muka taru a gidana kan ko a ɗauke injin ko a bar shi. Na yi bismilla, na ce a ganina fitinar ba za ta wuce mako ba, a ƙara kwaɗo biyu a ƙofa ya isa. Sannan na tambaya ko akwai mai ja. Babu. Har na ji daɗi a raina cewa bakinmu ɗaya.

Kafin sallah aka ɓalle shagon, ko belin injin ba a bari ba. Muka watse. Sakina ta kwashe yaranta ta yi gabas, na ji tana wanke-wanke a gidajen mutane. Shekara biyu ba ta neme ni ba. A cikin waɗannan shekaru na yi ta juya labarin Habboba, na ga ashe tun ina yarinya a karkace na ɗauke shi. Gambo na zarga. Ban taɓa lura cewa babba in ya fara magana ya rufe bakin duk wanda ke jin nauyinsa ba, ko da bai nufa ba, kuma shirun da ya biyo baya ba yarda ba ce.

Bara muka sake haɗuwa a gidana, mu takwas da muka rage, don mu ga ta inda za a fara. Sakina ta zo ta zauna can bakin tabarma, ta rame. Na ce musu daga yau ƙarama ke farawa, ni ce ta ƙarshe, kuma ba mai tashi sai kowace ta ce ta yarda ko ta faɗi abin da ya hana ta. Hajja Asabe, babbarmu a shekaru, ta ce, "Wallahi za mu kwana nan ke nan." Na ce mu kwana.

Na juya ga Sakina. Ba ta taɓo zancen sabon inji ba.

"Ranar da muka taru kan injin nan," ta ce, "da safe na ga ana loda kayan shagon maƙwabcinmu a mota. Ƙanena na tsaye a ƙofar gidan nan da raksha, babur ɗinsa mai ƙafa uku, na ce ya jira, za mu ɗauko injin. Da muka tashi na sallame shi."

"Sakina, me ya hana ki faɗa?"

"Malama, ke kika koya mini Fatiha. Kin riga kin ce a bar shi. Da wane baki?"

Na taso daga kujerata na durƙusa gabanta a kan tabarmar, na ce na ci mata haƙƙi, ita da yaranta, ta yafe mini don Allah. Ta yi ta kallon hannuwanta da sabulun mutane ya cinye. Sannan ta share fuska da gefen mayafi.

"Na yafe, Malama, duniya da lahira. Amma ki koma ki zauna. Ban gama ba."

Na koma na zauna.