Sunan da Inna Rabi Ba Ta Kira Ba

Madam Sadiya Illo ta shekara ashirin da uku tana koyar da ƙananan yara a wata lakwal, wato makarantar boko, ta Madarunfa. Darasinta na farko bai taɓa canzawa ba: kowane yaro ya miƙe ya faɗi sunansa na yanka, ba Abba ba, ba Auta ba. Takan ce musu, "Suna haƙƙinku ne. Da shi ake yi muku takardar haihuwa. In kun ɓata a kasuwa, da shi ake cigiyarku."

Wani yaro ya taɓa rantse mata cewa sunansa Kai, don da shi ake kiransa a gida. Aji ya kwashe da dariya. Ita ba ta yi ba.

Ɗiyar fari ce. Uwarta, Inna Rabi ta Gabi, ba ta taɓa kama sunanta ba, saboda alkunya. "Ke" take ce mata, a gaban mutane kuwa "waccan". Ƙannenta bakwai kowa ya sha jin sunansa a bakin tsohuwar, da faɗa da lallashi. Sadiya ta san ba ƙi ba ne. Sanin bai hana ta son ji ba.

Da idon Inna Rabi ya mutu, Sadiya ta ɗauko ta ta dawo da ita gidanta. Wata rana da la'asar, tana matsa mata ƙafa, ta ce, "Inna, ki kira sunana ko sau ɗaya. Ba kowa a gidan."

"Lakwal ta cinye maki kunya. Ni da sauran tawa."

"Ko dai kin manta shi?"

"Na manta? Ubanki sunan uwarsa ya so ya sa maki. Ni na tura gwaggonki ta kai masa wannan. Kwana uku tana fama da shi kafin ya yarda. Matsa nan, wajen diddige."

Ta matsa. Ta so ta tambayi dalilin wannan suna, da ko wa aka yi wa takwara, sai ta ga tsohuwar ta juya fuska bango. Ta bar wa wata rana.

Inna Rabi ta rasu bayan girbin hatsi, ba ta kira ba. Uban ya daɗe a ƙasa, gwaggon ma haka. Sadiya ta je Gabi ta bi tsofaffin garin gida gida, babu wanda ya tuna da wata Sadiya a dangin Rabi ko cikin ƙawayenta.