Talo-talo a bayanan inshora

Jama'a, yau talo-talo ya kusa cinye min digiri!

Kun san aikina: bayanan inshorar lafiya, kowane asibiti da lambar da yake ba cuta, ni ke mayar da su tsari ɗaya. Yau ina nuna wa Farfesa mai duba bincikena, na danna don sakamako ya fito. Wai abin da ya fi kwantar da tsofaffi a asibiti, saran talo-talo! Wallahi akwai lambarsa!

Musa abokin karatuna ya leƙo. "Hadiza, layin lambobin ya goce. Masu hawan jini ne."

Na daskare. Farfesa ta cire tabarau ta ce, "Ki gyara kafin Litinin. Mijina ma hawan jini gare shi. Bari na koma gida Irving Park na tambaye shi inda suka gamu da tsuntsun."