Filin Kawu na Kusa da Famfo

Mun tashi daga Zango, unguwarmu a Damagaram, ana fitowa daga sallar asuba, ni da ƙanena, kuma ba yawon buɗe ido ya fitar da mu ba. Inna ce ta aike mu ƙauyensu, can bayan Mirriya, mu sa yayanta ya bar kwari ya hau tudu kafin ruwan farko ya sauka. Daminar da ta wuce ruwa ya cinye garin nasu, gwamnati ta yanka wa mutane filaye a kan tudu, kowa ya kama gini sai Kawu. Labarin da yake zo mana Damagaram shi ne ya sami fili mai kyau dab da famfo, amma ko tubali ɗaya bai ɗora ba. Yana can cikin ɗaki guda da ya rage a tsohon gida, bangonsa a tsage. Tun da hadari ya fara leƙowa daga gabas Inna ta rasa sukuni. Da za mu fita ta ce mini, "Kai ne mai baki. In ya ƙi, ka ce ni na ce."

A tasha mun tarar da motar Mirriya saura mutum ɗaya ta cika, in ji direba. Mu biyu muka shiga, aka ci gaba da kiran saura mutum ɗaya har rana ta fito. Kuɗin mota ya ƙaru a kan yadda na sani, da na yi magana direba ya nuna mini gidan mai da haɓa. Aka cusa mu huɗu a kujerar mutum uku, wata baiwar Allah ta ɗora mini ƙwaryarta a cinya ba tare da ta tambaye ni ba, muka kama hanya.

Hanyar ba ta da laifi, sai wuraren da ruwa ya zaizaye gefen kwalta, inda direba yake ratsewa ya bi ta gona. Duwatsun Damagaram suka ɓace a bayanmu, itatuwan kuka suka fara yawa. Mun shiga Mirriya ranar kasuwa, masu tukwane sun jera randuna da tuluna a bakin hanya, mangwaro kuwa ya yi arha har ba a tayawa. Muka karya da ƙosai da kunun tsamiya a tsaye. Na saya wa Kawu goro da sukari da ganyen shayi, sannan muka ɗauki baburan kabu-kabu biyu, domin daga nan mota ba ta shiga sai ta kafe a rairayi.

Muna kusa da garin muka fara gamuwa da amalanken shanu, ɗaya bayan ɗaya, kowane shaƙe da ƙasa, suna hawa tudu. Na zaci taki ake kaiwa gona. Mai kabu-kabun da ya ɗauko ni ya ce a'a, gidaje ne. Tudun da aka ba su rairayi ne zalla, ba ya yin tubali, kuma an hana haƙa kududdufi kusa da sabon gari don kada ruwa ya sake samun mazauni. Shi ya sa kowa yake farfasa bangon gidansa da ya faɗi, ya loda, ya hau da shi sama ya sake kwaɓawa. Na daɗe ina kallon shanun nan suna jan ɗakunan mutane a hankali, ban taɓa ganin ƙaura irin wannan ba.

Sabon garin, in za a faɗi gaskiya, an yi masa tsari. Ni mai yawan ƙorafi ne a kan gwamnati, masu karanta ni sun sani, amma a nan sai da na yi shiru. Layuka a miƙe, kowane fili da turakunsa na siminti, ga shato, wato babban tankin ruwa, mai aiki da hasken rana, ga wurin masallaci, ga rumfar zana inda yara ke lakwal, wato karatun boko. Tantunan da aka raba bara sun koɗe, wasu sun yage, amma a gefensu ɗakunan ƙasa suna tashi. Abin da babu shi ne inuwa. Ko bishiya ɗaya da za ta rufe mutum ba ta kai ba tukuna.

A ƙarƙashin wata rumfa muka sami ma'aikacin da magajin gari ya wakilta ya kula da wurin, matashi ne mai fara'a, da gani ka san rana ta gasa shi. Ya bayyana mana cewa da ƙuri'a aka raba filayen, a gaban kowa, don kada a ce mai gari ya fifita nasa, kuma mutane da kansu suka yarda da hakan. Ya kai mu filin Kawu. Daga nan zuwa famfo ko tsohuwa ba za ta sauke tulu ta huta ba. Ya ce, "Kawunku ya fi kowa sa'a. Na gaji da sauka wurinsa. Kullum sai ya ce mini to, sai an kwana biyu."

Muka gangara kwari da ƙafa. Lambuna sun yi kore shar, albasa da tumatur da rake, amma garin kansa ya zama kufai. A jikin 'yan bangayen da suka rage ana ganin layin da ruwa ya kai, ya wuce ƙirjina. Yawancin gidaje an kwashe su har ƙasa, sai wata doguwar katanga da ta zube a inda take, ba a taɓa ta ba. A gindinta muka sami Kawu a kan tabarma, shi da maƙwabcinsa Malam Bukar, wani tsoho Babarbare da idanunsa suka daina gani shekaru da dama.

Bayan gaisuwa da tambayar mutanen birni, na buɗe baki na yi jawabin da na shirya tun a mota. Na kawo hadari, na kawo tsagewar bango, na kawo filin kusa da famfo, daga ƙarshe na kawo Inna. Kawu ya bar ni na gama tas yana ɓare goro. Sannan ya dafa tarin ƙasar da ke bayansa ya ce, "Ɗana, wannan katangar ta wane ce? Tawa ce ko tasa? Ubana da ubansa suka gina ta, ɗaya ce, gida biyu take rufewa. Ƙuri'a ta jefa ni gabas, ta jefa shi can ƙarshen yamma. 'Ya'yansa suna Libiya, matarsa ƙafa ta hana ta. Wa zai riƙe masa sanda zuwa masallaci?"

Malam Bukar ya ce, "Rabu da shi, yaro, ku kwashe shi ku tafi. Na gaji da tarinsa da asuba." Ya faɗa yana dariya, amma na lura hannunsa yana kan gefen rigar Kawu tun da muka zauna. A tsohon gari da katanga yake gane hanya, ya san kowane lungu da tafin hannunsa. A can sama layukan duk iri ɗaya ne, ni mai ido biyu ma sai da na ɓace.

Na tambayi Kawu ko ya taɓa gaya wa ma'aikacin nan wannan dalili. Ya dube ni kamar na faɗi abin kunya. Ya ce, "Abin da hukuma ta raba a gaban jama'a, ni wane ne da zan ce a sake? Sai a ce an ba ni na kirki ina raini." Watanni ke nan ana sauka ana hawa, shi bai faɗa ba, su ba su tambaya ba.

Da ƙyar muka lallashe shi ya bi mu sama. Ma'aikacin ya saurara, ya riƙe kai, ya ce ai musaya ba laifi ba ce, in dai masu filayen sun yarda a gaban mai gari. Ni abin da na so shi ne a matso da Malam Bukar kusa da famfo. Muka zaga maƙwabtan filin Kawu, duk sun riga sun ɗaga bango, ɗaya ma dariya ya yi mini ya ce in gaida Damagaram. Sai hanya ɗaya ta rage. Wanda ke da fili jikin na Malam Bukar wani magidanci ne da bai fara gini ba, kuma ban rufe baki ba ya ce ya yarda su yi musaya da Kawu. Kawu ya ba shi hannu, mai gari ya shaida. Ƙanena ya matso ya raɗa mini cewa ni zan yi wa Inna bayani, shi ba ruwansa.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Tsoho mai shekaru irin nasa ya saki ruwa a ƙofar gida ya koma inda sai an yi tafiya da jarka a cikin rairayi. Shi kuwa ko a jikinsa. Muna komawa kwari ya aika a kawo amalanke, ya ɗauki diga ya fara sara katangar nan kamar wanda aka sake daga ɗauri. Muka taya shi lodi har la'asar. Hannuna da bai saba da komai ba sai alƙalami da awon atamfa a shago ya yi bororo, Malam Bukar yana zaune yana jin nishina yana cewa 'yan birni ba su da kirki a aiki. Matarsa ta dama mana fura mai sanyi a randa, muka sha, muka yi sallama lokacin da amalanken farko ya kama hawa.

A motar dawowa na yi ta tunanin abin. Wanda ya tsara sabon garin ya auna ruwa, ya auna tudu, ya yi adalci iyakar saninsa, kuma ban ga inda zan zarge shi ba. Amma mutane ba ɗai-ɗai suke zaune ba, kuma namu ba sa faɗin abin da ke damunsu sai an zauna a tabarmarsu an tambaya. Duk wanda aka ɗora wa tsugunar da waɗanda ruwa ya kora, ya tambayi kowane tsoho wa yake so a jikin katangarsa kafin a jefa ƙuri'a.

Mun shigo Zango ana kiran magariba. Na sami Inna a tsakar gida, na fara da daɗin labarin, cewa Kawu ya kama gini, sannan na faɗi sauran a hankali ina jiran faɗa. Sai ta ce gobe in nemi mai ƙera kura in sa a yi wa yayanta ɗaya mai ɗaukar jarka, wadda za ta isa gida biyu. Na ce, "Inna, ba ki ji haushi ba?"

Ta ce, "Shekarar da babanmu ya rasu, ni ina 'yar ƙarama, rumbunmu ba ko zangarniya. Damina guda cur, kullum da yamma, ta saman katangar nan uwar Bukar take miƙo mana tuwo, don kada kowa a gari ya gani."