Alewar Baffa

Har gobe idan na ga alewa sai raina ya ɓaci. Ba laifin alewa ba ne, laifin Baffa ne, ƙanin mahaifina, kuma ban ga ranar da zan daina faɗa ba.

Lokacin yaƙin basasa mijina yana bakin daga, ni kuma na dawo gidanmu a Zaitawa da goyo. Baba shi ne limamin masallacin lungunmu, kuma an san shi da tofi. Duk yaron da ya shiga soja, uwarsa sai ta jawo shi zaurenmu, Baba ya karanta ya tofa masa a ka. A shekarar ne aka ɗora shi a kan ƙwayar hawan jini, bakinsa ya bushe ƙamas. Ga karatu, babu yawu. Tuwo ma sai na tsinka masa miya kafin ya wuce.

Baffa ne ya kawo dabara. Ya shigo da ƙullin alewa daga Kasuwar Kurmi, da tsamiya jiƙe da sukari.

"Yaya, ka riƙa ajiye ɗaya a kumatu, yawu zai zo," in ji shi. "Ba ma mayar da mutane ba, sunan gidan nan ne."

Yawun ya zo kuwa, ɗan kaɗan. Daga hantsi har la'asar Baba yana tsotso yana tofi, wata na narkewa Baffa na miƙa wata. Shi ke tsaye a ƙofa yana jera mata, ana ce masa Malam ƙarami, yana wani hura hanci.

Ni ke wanke kofin Baba, ni na fara jin warin bakinsa. Haƙoransa suka yi baƙi daga gindi, dasashi na jini ko asuwaki ya taɓa, harshe ya tsattsage. Wani maƙwabcinmu mai ba da magani a asibiti ya ce mini yawu shi ke wanke haƙori, bakin da ya bushe kuma aka cika shi da zaƙi, an gama da shi. Ya ce a bar alewar, a yawaita kurɓar ruwa, a koma wurin likita ko zai canza ƙwayar. Na tari Baffa a soro na gaya masa.

"Ke tafi can! Yaushe mace ta fara koya mana magani?"

"Baffa, bakin nan da shi yake jan salla."

"To ki hana shi mana, in kin isa."

Na roƙi Baba. Ya ce, "Uwata," haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa gare ni, "yaran nan wuta za su shiga. Zan hana su abin da uwayensu suka zo nema saboda haƙori?" Wallahi har shi na ji haushi ranar.

Haƙori na farko yana cin ɗumame ya karye. Kafin shekara ta zagayo na gaba huɗu sun tafi, sauran sun zama kututture. Karatun da ake jiyowa daga bakin lungu ya koma iska, harshe na mannewa a tsakiyar Fatiha sai ya tsaya ya haɗiyi abin da babu.

To wa kuke tsammani ya je wurin dattawan unguwa ya ce salla bayan wanda haruffansa ba sa fita akwai gyara? Baffa! Mutumin da ya ɗura masa sukarin da hannunsa. Kafin Juma'a an ba shi limanci, an ce Baba ya huta.

Da yamma Baffa ya zo gaisuwa da sabon rawani, ko kunya babu. Na kwaso ragowar alewar na dire masa a faranti.

"Bismilla, Liman. Aikinka ne."

Ya sunkuyar da kai. Baba ya daɗe yana motsa baki kafin magana ta fito.

"Uwata, ɗauke. Kawo masa ruwa."

Na kawo. Da aka kira magariba, Baba ya kurɓi ragowar ruwan da Baffa ya bari, ya ɗauki takalmansa ya bi bayansa. Ina tsaye a soro ina jin muryar Baffa tana jan Fatiha, tsaf, kowane harafi a wurinsa. Na kasa kunne ko zan tsinci amin ɗin Baba a cikin sahu. Ban ji ba.