Ƙahon da Tsuyako Ta Ɓoye

Shekara arba'in da ɗaya Tsuyako ta yi tana sayar da wainar dusa, wadda baƙi ke saya su ba bareyi, a bakin dandalin Nara, kuma duk tsawon wannan lokaci babu barewar da ta sa baki a teburinta sau biyu. Ba asiri ba ne, tsintsiya ce. Mace ce 'yar firit, amma in ta buga ƙasa da tsintsiyar nan har manyan maza masu ƙaho ja da baya suke yi, su koma su tare baƙon da ya saya, su yi ta sunkuyar masa da kai suna roƙo. Baƙo ya rusuna, barewa ta rusuna, a yi ta dariya. Ita ba ta dariya, musamman in kaka ta shigo, lokacin barbara. Baƙi nawa ta finciko ta baya tana cewa, "In ka ga wuyansa ya kumbura ya yi baƙi, yana warin fitsari, sunkuyawar nan ba gaisuwa ba ce, saita ka yake yi." Duk unguwar babu wanda ya kai ta sanin wannan.

Mijinta Heizo tawada ya yi ta yi tun yana saurayi. A wani ɗan ɗaki a bayan gidansu yake tara baƙin hayaƙin fitila, ya kwaɓa da hannu da ƙafa, har yau baƙin bai bar gefen farcensa ba. Mutum ne mai ladabi har ya so ya yi yawa, irin waɗanda ko a waya suke magana sai sun rusuna. Da ciwon mantuwa ya kama shi, sana'ar ce ta fara tafiya, sai sunayen maƙwabta, sai sunan 'yarsu Chizuru. Sunan Tsuyako ne ya tafi a ƙarshe, shekara biyu ke nan. Ladabin kaɗai ya rage. Kullum da safe sai ya gode mata kamar baƙuwar da ta zo taimako, ya ture kwanon abinci gefe.

Abu ɗaya yake sa shi ci. Akwai wani namijin barewa da ya saba ratso lungunsu, ya shigo ta inda katanga ta zube, don kanyar da ke faɗowa a tsakar gida. Ƙahonsa na hagu kullum a kwance yake fitowa, shi ya sa Heizo ya raɗa masa Karkace tun yana da hankalinsa. Mutumin da bai san matarsa ba, da ya hango wannan ƙaho sai fuskarsa ta washe. Ya zauna a bakin baranda, ya rusuna, Karkace ya rusuna, ya miƙa masa waina ɗaya, shi kuma ya kai cokali ɗaya na kunun shinkafa da shayi bakinsa. Waina ɗaya, cokali ɗaya, har kwano ya ƙare. Tsuyako takan tsaya daga ƙofa tana kallo, tana jin daɗi, tana kuma jin kishin dabba, kuma ba ta taɓa ɓoye wa kanta hakan ba.

Bara, kamar kowace kaka, masu yankan ƙaho don kada bareyi su soki mutane suka bi unguwa, suka harba wa Karkace allurar barci, suka sa zarto. Washegari ya shigo da kai kwal. Heizo ya dube shi, ya ce wa matarsa cikin ladabi, "Baiwar Allah, akuyar wani ta shigo muku." Daga ranar ya rufe baki. Sau biyu aka kwantar da shi a asibiti a hunturun nan ana ƙara masa ruwa. Bai dawo da ci ba sai da sabon ƙaho ya tsiro ya nuna karkacewarsa.

Chizuru a Osaka take aiki, ranar Lahadi take zuwa, kuma tun hunturun ba ta zuwa sai da takardar gidan kula da tsofaffi a jaka. Ta ajiye ta a kan tebur, ta danne da kofin shayi.

"Mama, sa hannu kawai ya rage. Ɗaki mai taga, da likita a ƙasa."

"Tagar me take kallo? Wata tagar?"

"Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Dubi wuyan rigarsa. Ke kanki saba'in da uku, da wa za ki ɗaga shi in ya faɗi?"

"Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sha shayinki."

"To ki ji da kyau. Ranar da Baba ya sake daina ci, ko ya ji ciwo a gidan nan, ba zan ƙara shawara da ke ba."

Tsuyako ta kwashe kofunan shayi. Ta san yarinyar ba mugunta take yi ba, gaskiya take faɗa, kuma wannan ne ya fi ba ta haushi. Shekara hamsin ita da Heizo ba su kwana a rufi daban ba. Ta ƙudura a ranta cewa bana babu zarton da zai taɓa kan Karkace. Ai a watan Afrilu da kansa zai zubar, sabo ya biyo baya. Hunturun kawai take so su haye.

Sanin ranar da masu yanka za su zo bai yi mata wuya ba, don a gefen teburinta suke shan shayinsu suna tsara aiki. Ranar da aka sa wa unguwarsu, ta tashi da sassafe, ta jera waina da nunannun kanya tun daga gindin bishiya har cikin tsohon ɗakin tawada. Karkace ya bi yana tsinta har ya shige, ta ja ƙofa ta sa sakata. Sau uku ta yi haka cikin mako biyu. A na ukun ya yi ta dukan ƙyauren har katako ya tsage, ta kunna rediyo ta ƙure murya.

A ranar ne Tatsumi ya leƙo. Shi ne babba a masu yankan, ƙato mai furfura a gemu, wanda ta sani tun yana sabon shiga, yana gudun 'ya'yan bareyi.

"Inna, yaushe kika fara son waƙar zamani haka?"

"Tun da kunnena ya mutu. Me kake nema?"

"Surukinki mai karkataccen ƙaho. Kowa na unguwar nan ya zo aski, ban da shi."

"Ka tambayi matansa, ni ba a ɗakina yake kwana ba."

Tatsumi ya yi murmushi, amma idonsa na kan bishiyar kanya, inda ƙaho ya saɓule ɓawon har farin itace ya fito. Ya shafa wurin da yatsa, ya dubi ɗakin tawada, ya daɗe yana duba.

"Inna, ke kika koya mini wannan aikin fiye da kowa. A watan nan ko uwarsa bai sani ba."

"Ya san Heizo."

"Zan dawo ranar Litinin. In na same shi a lungu, ban ga komai ba, ban ji komai ba."

Ya kamata ta saki dabbar a hannunsa a take. Ta san haka sarai. Amma a safiyar nan Heizo ya cinye kwano guda har ya lashe cokali, kuma wanda ya ga haka bayan ya ga hunturun bara, da wuya wa'azi ya shige shi. Sai ta ce wa kanta in ta tsaya kusa da tsintsiya babu abin da zai faru.

Asabar ce. Karkace ya shigo jikinsa duk taɓo, wuya ya yi kauri, wari ya cika tsakar gida. Bai kalli kanya ba. Daga bayan katanga wani namijin ya yi irin kukan nan nasu mai kama da ƙyauren da ya yi tsatsa, sai Karkace ya fara tonon ƙasa da ƙafa. Tsuyako ta zaunar da mijinta a baranda, ta ce kada ya motsa, ta shiga ɗauko kunu. Tsintsiyar tana jingine can bakin ƙofar waje, inda ta gama share kashin bareyi.

Da ta fito da faranti, Heizo ya riga ya sauka tsakar gida da waina a hannu. Abokinsa bai zo gare shi ba, shi ne ya taka ya je, don ladabi. Karkace ya sunkuyar da kai ƙasa ƙwarai, bai ɗago ba. Heizo ya haɗa ƙafa, ya ɗora hannu a cinya, ya rusuna masa sosai, irin rusunawar da yake yi wa maigidansa na sana'a. Ta kira sunansa. Bai san sunan nasa ba ne.

Reshe ɗaya na ƙahon ya shiga cinyar Heizo, ɗaya ya karya haƙarƙari biyu. Dabbar ta tura shi har gindin katanga, ta ja baya za ta sake. Tsuyako ta jefa mata kwanon kunu mai zafi a fuska, sannan dabbar ta tsallake ta fita. Tsohuwar ta durƙusa ta danne cinyar da zanin gabanta tana kiran maƙwabta. Heizo bai yi kuka ba. Haƙuri yake ta bayarwa, wai ya ɓata wa mutane tsakar gida.

Ya rayu. Kafin azahar an kama Karkace, an yanke ƙahon, an kai shi garken da ba a sake fitowa. Tatsumi ya zo asibiti da hularsa a hannu, Chizuru ta tare shi a baranda.

"Sau uku kuka bi unguwar nan. Ƙato kamar wannan, ta yaya ya wuce ku?"

Tatsumi ya saci kallon tsohuwar, ya fara sunkuyar da kai. "Sakacinmu ne, ni zan..."

"Ɗago kanka," in ji Tsuyako. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. "Ba su yi sakaci ba. Ni na kulle shi a ɗakin tawada, sau uku. Wannan ya gargaɗe ni, na ƙi ji."

Chizuru ta juyo ga uwarta. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta buɗe jaka ta fito da takardar, Tsuyako ta dafa ta a jikin bango ta sa hannu.

Daga asibiti aka wuce da Heizo gidan kula da tsofaffin a Osaka, hawa na bakwai. Sai da Tsuyako ta yi kwana goma kafin ta iya zuwa, don tsoron abin da za ta tarar. Ta dafa kunu da kanta ta zuba a kula, duk hanya tana shirya maganar da za ta gasa wa 'yarta in ta ga yadda ya zube.

Ta same shi a ɗakin cin abinci, a keken guragu, an ɗaura masa ƙyalle a wuya. Wata ma'aikaciya mai faɗin fuska tana ba shi shinkafa da kifi, rabin hankalinta na kan talabijin. Ta miƙa cokali, ya buɗe baki. Ta sake miƙawa, ya sake buɗewa.

"Ke ce matarsa?" in ji ma'aikaciyar. "Ai tsohon nan ba ya ba mu wahala. Tun ranar da ya zo bai taɓa rage loma ba. Jiya ma ƙari ya nema."

Tsuyako ta zauna a kujerar da ke kusa, ta riƙe kularta a cinya da hannu biyu. Kumatunsa sun fara cikowa. Ta tsaya har ya cinye, sannan ta tambaya ƙarfe nawa ake rufe ziyara.