Fundi Mwarandu da Baƙar Waya

Shekara goma sha ɗaya na yi ina yawo da baƙi a babur ɗin ruwa a bakin tekun Watamu, kuma ban taɓa ganin makanikenmu, Fundi Mwarandu, yana gudu ba. Ko ya so ma ƙafar ba za ta bar shi ba. Yana ɗan shekara goma sha bakwai ya faɗo daga bishiyar kwakwa a ƙauyensu can wajen Kaloleni, ƙafar hagu ta karye wuri biyu, ta ɗoru a karkace. Hawan kwakwa shi ne sana'ar gidansu tun kaka da kakanni. Da aka ga ba zai sake hawa ba, sai aka tura shi Mombasa wurin kawunsa mai gareji. Can ya koyi aikin wayoyin mota. Ya shekara ashirin da wani abu kwance ƙarƙashin sitiyarin motocin hayar da ake kira matatu, kai a ciki, ƙafafu a waje.

Matarsa ce ta kawo mana shi. Mama Nyevu ta sami aikin girki a wani otal, ta ce ta gaji da hayaƙin birni. In zai biyo ta to, in ba zai biyo ba ya koyi tuƙa sima, tuwonmu na masara, da kansa. Ya biyo ta.

Lokacin ina aiki wurin wata mata, Bi Tima, mai baburan ruwa huɗu. Ɗaya daga ciki ya yi wata biyu a rumfa ya ƙi tashi. An sa masa sabon batir, an canza sitata, ko tari bai yi ba. Mama Nyevu ta ji ana zancen, ta ce mijinta na gida yana damun ta da zaman banza, a ba shi ya gwada. Washegari sai ga shi yana ɗingishi, kayan aikinsa cikin tsohon buhun shinkafa. Bai taɓa ganin cikin babur ɗin ruwa ba. Ya zagaya shi sau biyu, ya ɗaga kujera ya leƙa.

"Wannan ai mota ce aka sace wa tayoyi," ya ce.

Ya tambaye ni amfanin igiyar nan da direba ke ɗaurawa a wuyan hannu. Na ce in mutum ya faɗa ruwa ita ke fizge makulli, inji ya mutu. Ya duba ramin da makullin ke shiga, ya ga gishiri ya daskare a ciki. Ya wanke shi da tsohon buroshin haƙori. Babur ya tashi. Bi Tima ta rasa ko dariya za ta yi ko kuka, don sitatar da aka cire lafiyarta ƙalau.

Tun daga ranar ya zama namu. Ya kafa benci a gindin wata itaciya bayan rumfunan haya. Da safe shayi da mahamri biyu, irin fanken nan namu, ba ya taɓa inji sai ya gama. In na je masa da ƙara, tambayarsa ɗaya ce.

"Kenga, me ya ce?"

"Fundi, ya ƙi tashi."

"Na san ya ƙi tashi, ba gaisuwa ta kawo ka ba. Da ka danna, me ya ce?"

A wurinsa amsa uku ce kawai. In ka danna ka ji shiru, to ka nemi makulli, ko fis, ko maɓallin kansa. In ya ce ƙas ya tsaya, wuta na zuwa amma ba ta isa ba: ko batir ya gaji, ko kan batir ya ci tsatsa, ko ƙaramin akwatin nan da ke miƙa wa sitata wuta. In kuwa ya yi nishi kamar tsoho zai miƙe, ka daina dannawa, ka cire fulogi ka ga ko ruwa ya shiga inji. Ba shi da mita. Wani ƙwan fitilar mota ne da shi da ya ɗaura wa waya biyu, da shi yake bin wuta gaɓa-gaɓa har inda ta tsaya.

Abin da ya sa har yau ake zancensa ya faru ne wata Talata a watan Yuli, lokacin iskar kudu da muke kira kusi, sa'ad da teku ke hauka kuma baƙi ba sa zuwa. Wajen ƙarfe goma na safe muka ji mata na ihu suna nuna bayan duwatsun murjani. Kwalekwalen Bwanaheri ne ya kife, wani masunci dattijo da kowa ya sani, shi da surukinsa. Muna hango kawunansu biyu, suna riƙe da katako, igiyar ruwa tana tura su wajen duwatsu. Ruwa kuma ya janye, manyan jiragen duk suna zaune a kan yashi. Babur ne kaɗai zai iya wucewa. Ukun Bi Tima suna gari ana musu fenti, saura ɗaya.

Muka tura shi ruwa, na hau, na danna. Ƙas. Na sake. Ƙas.

Gabana ya faɗi, don batir ɗin sabo ne, ni na sa shi da hannuna ranar Asabar. Mutane suka taru. Wani ya ce a kawo wani batir, wani ya ce a buga sitata da dutse. Sai ga Fundi yana tahowa da buhunsa, tafiyarsa ta kullum. Ya shiga ruwa har gwiwa.

"Me ya ce?"

"Ƙas, Fundi! Ƙas!"

"To, sauka. Ɗaga kujera."

Wani mai jirgi ya miƙo sukurdireba. "Baba, haɗa ƙusoshin nan biyu na ƙaramin akwatin kawai ya tashi, mutane za su mutu!"

"Ɗana, sunkuyo ka shaƙa," in ji Fundi. Mutumin ya sunkuya. Warin fetur ne cike da cikin babur. "In na yi tartsatsi a nan, wa zai je ya ɗauko mu? Cire rigarka ka yi fifita."

Mutumin ya cire ya hau fifita. Da warin ya fita, Fundi ya ɗora ƙwansa a kan batir ya ce in danna. Haske bai ragu ba. "Batir ba shi da laifi." Ya matsa bayan ƙaramin akwatin. Na danna, ƙwai ya kama. "Wannan ma ya fita." Sannan ya sa waya ɗaya a baƙin kan batir, ɗayar a jikin inji.

"Danna."

Ƙwan ya haska, wurin da bai kamata a ga wuta ba ko kaɗan.

"Ga ɓarauniyar," ya ce. "Wuta na zuwa, ba ta da hanyar komawa."

Baƙar wayar nan mai kauri ce da ke haɗa inji da batir. A ido sumul take. Ya lanƙwasa ta, sai muka ji ƙurus-ƙurus. Ya tsaga robar da wuƙa, koren gari ya zubo. Gishiri ya cinye ta daga ciki. Ya zaro guntun wayar walda daga buhu, ya fere bakinta biyu, ya ɗaure da sifana. A natse ya yi aikinsa. Ni kuwa har na ciji leɓena ya fashe ban sani ba.

Na danna, inji ya ɗauka.

"Ka bi ta ƙofar da ke tsakanin duwatsun, kar ka yanke ta kansu," ya ce. "Ka fara ɗauko tsohon."

Sawu biyu na yi. Surukin ya sha ruwa sosai, murjani ya yayyanka wa Bwanaheri cinya, amma duka biyu da ƙafarsu suka shiga motar asibiti. Waɗanda suka duba agogo sun ce minti bakwai gyaran ya ɗauka.

Da la'asar na same shi a bencinsa, ruɓaɓɓiyar wayar a cinyarsa. Ana ta zuwa yi masa barka, shi kuwa fuskarsa ba walwala.

"Kenga, sau nawa na buɗe babur ɗin nan bana?"

"Ya kai biyar."

"Duk biyar ɗin na ga wayar nan. Kallonta na yi, ban taɓa ta ba."

Na ce ai ba wanda zai gane. Cikin makon nan ya bi baburan bakin tekun ɗaya bayan ɗaya, har na waɗanda ba sa ga maciji da Bi Tima, yana lanƙwasa baƙar wayar kowanne yana sa kunne. Ya sami huɗu da suka fara ruɓewa. Bwanaheri kuwa da ya warke, duk Juma'a sai ya kai kifi gidan Fundi, har Mama Nyevu ta tare shi a ƙofa ta ce, "Bwana, yini nake ina soya kifi a otal, in dawo gida kuma in tarar da kai? Ka kawo ayaba mana wata rana."

Shekara uku bayan haka idonsa ya fara hazo, ya daina bambance jar waya da ruwan ƙasa. Da kansa ya ce ya isa. Suka koma Kaloleni, gonar mahaifinsa.

Na je gaishe shi watan jiya. Na tarar da shi zaune a tabarma, 'yarsa da ke gidan aure ta kawo jaririnta ya gani, yana ta lalubar 'yan yatsun ƙafar yana cewa irin na gidansu ne. Ya tambaye ni ko har yanzu ban yi aure ba, ya yi mini tsiya son ransa. Muna cikin haka hadari ya haɗo. Mama Nyevu ta leƙo ta ce ba mai fita cikin wannan ruwan, in wanke hannu, sima ta nuna. Sai washegari na komo.