Lomar Farko

Yau ƙamshin daddawa ya tuno mini da Goggo, yayar babana. Gab da tafiyar Turawa, ita ke shiga gidan yari tana koya wa mata yin daddawa, don su fito da sana'a.

Da aka saki wata 'yar Riruwai, gidanmu na Tudun Wada ta sauka tana kuka: "Goggo, sana'a na iya, amma wa zai ci abin hannuna?"

Goggo ta sa ta yi tuwo da miya, ta kira maƙwabta. Kowa ya naɗe hannu. Goggo ta kai lomar farko, ta ce, "'Yar nan, can kika baro gishirin?" Aka kwashe da dariya, hannuwa suka shiga akushi.

Allah ya ciyar da Goggo daga lambun Aljanna.